Yadda Ake Sayen Tsohuwar Sintesaiza ta Analog da Yadda Ake Riƙonta

Fiyanon da aka saba gani a ɗakunan haɗa kiɗa a yau ƙaramar kwamfuta ce da aka zuba wa sautuka tun daga masana'anta, ka danna lamba ta ba ka ganga ko sarewa daidai yadda aka ɗauke su. Sintesaiza ta analog ba haka take ba, domin babu wani sauti da aka ajiye a cikinta. Wutar lantarki ce ke kaɗawa a cikin taransisto da kafasita, kuma wannan kaɗawar ce kunne ke ji idan ta isa lasifika, saboda haka duk abin da ya shafi wutar, ko zafin ɗaki ne, ko ƙura, ko gajiyar wani ɗan ƙaramin sashe, sai ya bayyana a cikin sautin. Mai son mallakar irin wadda aka ƙera tsakanin 1970 da 1985 yana bukatar ya koyi abu biyu tun kafin ya koyi kiɗa da ita: yadda zai hana wutarmu ta kashe ta a ranar farko, da yadda zai bambanta halinta na asali da ciwon da tsufa ya kawo mata.

Sunayen da zai riƙa ji ba su da yawa. Minimoog, wadda kamfanin Robert Moog ya fitar a Amurka a 1970 aka kuma ci gaba da ƙerawa har 1981, ita ce ta fitar da wannan fasaha daga manyan kabad-kabad masu tarin wayoyi ta mayar da ita akwati ɗaya mai madannai 44, sai dai murya ɗaya take fitarwa a lokaci guda kuma ba ta iya tuna komai. A 1978 kamfanin Sequential Circuits na Dave Smith ya kawo Prophet-5 mai murya 5 da wurin ajiye saitin sauti 40, a shekarar ne kuma Korg ta Japan ta fitar da MS-20, sannan Polysix ta biyo baya a 1981, Roland kuma ta fitar da Juno-60 a 1982 da Juno-106 a 1984. Abin da ya karya kasuwarsu shi ne zuwan Yamaha DX7 a 1983, na'urar dijital wadda ba ta kauce wa saiti, sai makaɗa suka yi ta sayar da tsofaffin da araha. TB-303 ta Roland ba ta ma karɓu ba a zamaninta, aka daina ƙera ta a 1984, sai matasan Shikago suka tsince ta a shagunan kayan hannu suka gina wani salon kiɗa sukutum a kanta. Yau lamarin ya juye, abin da aka yasar ya zama abin nema.

Irin waɗannan na'urori sun shigo yankinmu tun suna sababbi. William Onyeabor ya yi aiki da su a ɗakin ɗaukar sautinsa na Inugu, Mamman Sani kuma ya yi kiɗansa a Yamai da wani ogan na lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla a ƙarshen shekarun 1970. Don haka jefi-jefi akan ci karo da su a ɗakin ajiyar tsohuwar ƙungiyar makaɗa, ko a cikin kayan gwanjon da ake saukewa a Kwatano da kasuwar Alaba ta Legas, inda mai kayan kansa sau da yawa tsohon fiyano kawai yake gani. Shawarata ga wanda bukatarsa ita ce ya gama waƙar biki kafin Juma'a ita ce ya sayi sabuwa, tunda Korg ta sake fitar da ƙaramar MS-20 a 2013, Moog ma ta sake ƙera Minimoog a 2016, kuma akwai kwaikwayonsu masu sauƙin kuɗi da ke ba da sauti mai kyau ƙwarai. Tsohuwa ta wanda ya shirya ɗaukar ɗawainiyarta ce, kuma a cikinsu Juno-106 ta fi dacewa da mai farawa, domin tana da MIDI, wato hanyar da kayan kiɗa ke magana da juna da kuma kwamfuta, kayan gyaranta suna samuwa, kuma an san ciwonta ciki da bai. Da ita zan fi yin misali.

Karanta bayanta kafin ka nemi soket

Abu na farko da mai kaya zai yi don ya nuna maka tana aiki shi ne ya kama filogi ya nufi soket. Ka tsayar da shi. A bayan kowace na'ura, kusa da inda wayar wuta ta shiga, akwai ɗan faranti ko takarda da aka rubuta ƙarfin wutar da aka ƙera ta dominsa. Idan an rubuta 100V, ta kasuwar Japan ce. Idan 117V ko 120V ne, ta Amurka ce. Idan kuwa 220V ko 240V ne, ta Turai ce ko Ingila. Wutar Nijeriya bolt 230 ce a ƙa'ida, ta Nijar 220, saboda haka ta Turai ko Ingila ce kaɗai za ka iya haɗawa kai tsaye. Wadda aka yi don bolt 100 idan ta sha 230 ba ta ba da lokacin da za ka zare filogi, kuma ko da fis ya ƙone yakan ƙone ne bayan wani abu ya riga ya lalace a ciki. Siffar filogi ba shaida ba ce, domin na'urar da ta wuce hannu biyar an daɗe da yanke nata na asali an ɗaura mata wani.

Maganin shi ne taransifoma mai sauke wuta, kuma a nan ma akwai wurin da ake zamewa. Yawancin waɗanda ake sayarwa a kasuwa bolt 110 suke fitarwa, wanda ya wadatar da ta Amurka, amma ya ɗan yi wa ta Japan yawa, sai ka ji bayanta yana zafi fiye da kima bayan awa guda. Ka nemi mai fitar da 100 daidai, ka auna shi da mita kafin ka amince da abin da aka rubuta a jikinsa. Wasu na'urorin taransifomarsu ta ciki tana da bakin waya fiye da ɗaya, ta yadda mai gyara zai iya mayar da su 220 ko 240 ta hanyar sauya wurin likin dalma, kuma idan an yi haka dole a sauya fis zuwa mai kusan rabin ƙarfin na da, sannan a gyara rubutun da ke baya don kada wani ya ruɗe nan gaba. Idan ba a mayar ba, ka ɗaure filoginta da taransifomar da salatif, ka rubuta 100V da manyan baƙaƙe a kai, domin ba kai kaɗai ne ke shiga ɗakin ba, kuma yaron da zai share wuri ya mayar da wayoyi bai san wannan labari ba. Bambancin 50Hz da 60Hz kuwa kada ya dame ka, tunda na'urar tana daidaita wutar a cikinta kafin ta yi amfani da ita, kuma tsayin muryarta bai dogara da shi ba.

Ƙananan na'urori irin SH-101 da TB-303 da adafta suke aiki, mai bolt 9, kuma a tsarin Roland tsakiyar kan adaftar negatif ne, akasin yawancin adaftocin da ke yawo a gidajenmu. Kan zai shiga ramin daidai ko da an juya, shi ya sa ake yawan ƙona su. Ka duba ɗan zanen da ke kusa da ramin ka kwatanta da na jikin adaftar.

Sauran maganar wuta ta gida ce, kowa ya san ta. Kada na'urar ta kasance a kunne lokacin da ake sauyawa daga wutar NEPA zuwa janareta ko akasin haka, kuma ka bari janaretan ya zauna da kyau kafin ka kunna ta. Sitabilaiza tana taimakawa idan wuta ta yi ƙasa, amma mai araha da ke ta ƙas-ƙas tana shigar da wannan ƙarar cikin abin da kake ɗauka. Inbata mai ba da wuta mai santsi ita ce mafi alheri, amma mai araha da ke ba da wuta mai kusurwa tana sa tsohuwar taransifoma gurnani da zafi.

Buɗe ta tun tana kashe

Idan mai kaya ya yarda, ka kwance sukurori ka ɗaga murfin, filogi a zare, hannunka kuma nesa da manyan kafasitocin sashen wuta, domin suna riƙe caji bayan an kashe. Hanci ne zai fara ba ka labari. Warin ƙuna, ko na fitsarin ɓera, ko na ruma, kowanne yana da farashinsa. Ka haska tocila ka duba kashin kyankyaso a kan allon da masu gyara ke kira fanel, da wayoyin da aka gaigaye, da tsatsa a ƙasan akwatin wadda ke nuna ruwa ya taɓa kwanciya a ciki. Ka zaro fis ka gani, idan ka tarar an naɗe shi da zaren waya ko takardar azurfar kwalin sigari, to wani abu ne ya riƙa ƙona shi har aka gaji aka rufe masa baki, kuma wannan abin yana nan.

Daga nan ka nemi batir. Duk na'urar da ke tuna sautuka tana da ɗan batir da aka like da dalma a kan fanel, kuma a cikin Korg Polysix wannan batir shi ne babban abokin gabarta. Mai caji ne na nikel da kadmiyam, yana zaune a kan fanel mai lamba KLM-367 wanda ke ɗauke da ƙwaƙwalwar na'urar, kuma idan ya tsufa sai ya tsiyayar da ruwa mai cin tagulla. Abin da za ka gani shi ne farin gari ko kore-kore a ƙafafunsa, da siraran layukan tagullar da ke kewaye da shi sun yi duhu, wasu ma sun katse a ƙarƙashin ayisi, wato ƙananan sassan nan masu ƙafafu da yawa, inda ido ba ya kaiwa. Irin wannan na'ura fitilunta kan kama barkatai, ka danna lamba ɗaya wata ta amsa. Ana gyarawa: a cire batirin, a kashe kaifin ruwan da ɗan ruwan khal tunda ruwan batirin ba asid ba ne, a wanke da sinadarin isofirofil, a bi layukan ɗaya bayan ɗaya da mita a ɗinke waɗanda suka katse da siririyar waya. Aiki ne na kwanaki, don haka sai ya fito a cikin ciniki. Wanda zai sa batirin litiyam irin CR2032 a madadinsa kuma ya tabbatar an toshe hanyar caji, domin wannan batir ba a cajinsa, kuma zai iya fashewa idan aka matsa masa.

Kafasita iri biyu ne abin dubawa. Akwai masu siffar gwangwani, waɗanda idan kansu ya kumbura ko gindinsu ya yi danshi sun gama aiki. Akwai kuma wata mai kusurwa huɗu, launin ruwan zuma, da ake samu a wasu na'urorin daidai inda wutar gida ke shigowa, wadda jikinta kan tsattsage da tsufa, ranar da ta ga dama ta tashi da hayaƙi mai wari. Ita kam a sauya ta ko da ba ta nuna komai ba. Ban goyi bayan al'adar zare dukkan kafasitocin na'ura a sauya su gaba ɗaya ba tare da an auna ba, domin kowane taɓi da ƙarfen dalma a kan fanel mai shekara 40 yana iya ɗaga layin tagulla. A fara da sashen wuta, a auna abin da yake fitarwa, wanda a Juno-106 ya haɗa da bolt 15 fozitif da 15 negatif da kuma 5 na ɓangaren kwamfuta, sauran kuma a bar su sai sun ba da dalili.

Kunnawar farko, musamman ga wadda ta yi shekaru a ajiye, a yi ta da dabarar da tsofaffin masu gyaran rediyo suka sani: a sa ƙwan fitila mai zare, na wat 60, a jere a kan waya ɗaya tsakanin soket da na'urar. Idan lafiya take, ƙwan zai yi haske na ɗan lokaci sannan ya dusashe. Idan ya tsaya da haske sosai, akwai inda wuta ke haɗuwa a ciki, kuma ƙwan ne ya shanye ta maimakon na'urar. Ƙwan zamani mai tsimin wuta ba ya yin wannan aiki.

Gwaji da kunne

Ka tafi da hedifon naka, kuma ka ware aƙalla awa ɗaya. Kada ka gwada da sautukan da ke ajiye, domin mai yiwuwa batir ya mutu sun rikice, kuma sauti mai ado yana ɓoye aibi. A Juno-106 ka danna MANUAL, wanda ke sa na'urar ta bi yadda maɓallan fuskarta suke a zahiri. Ka kunna igiyar sauti mai zanen haƙorin zarto ita kaɗai, ka tura FREQ har sama, RES har ƙasa, A da R a ƙasa, S a sama, ka kashe CHORUS, duka sunaye ne da ke rubuce a fuskarta, kuma bayanin yawancinsu na zuwa a ƙarshe. Abin da zai fito sauti ne tsirara mai kaushi, kuma shi ake so.

Ka bi madannai 61 ɗaya bayan ɗaya. Idan wani madanni ya yi shiru kuma duk lokacin da ka dawo kansa shiru ne, matsalar datti ce a kan robar da ke ƙarƙashinsa, kuma auduga da isofirofil sun isa. Sai ka danna madannai shida ɗaya bayan ɗaya kana riƙe da su duka, kana sauraron shigowar kowanne. Na'urar murya 6 gare ta, kowane madanni zai ɗauki ɗaya, don haka idan ɗaya ya shigo a raunane, ko da ƙarar tartsatsi, ko bai shigo ba sam, alhali madannin yana aiki shi kaɗai a wani zagayen, to murya ce ta mutu. Sanadin kusan kullum shi ne wani sashe mai lamba 80017A, guda shida ne a tsaye a kan fanel, kowanne an lulluɓe shi da baƙin ƙaro, kuma wannan ƙaron ne ke lalacewa da shekaru ya riƙa ratsa wuta inda bai kamata ba. Sau da yawa ba ya nuna kansa sai na'urar ta ɗumama, shi ya sa gwajin minti biyar a bakin shago ba ya gaya maka komai. Wata alamar ita ce sautin da ya ƙi ɗaukewa bayan ka ɗaga yatsa. Masu gyara kan cire sashen su jiƙa shi a asiton na wasu kwanaki har ƙaron ya saɓule, ko su sa sababbin da ake ƙerawa yanzu a madadinsa, kuma wanda ya ga ɗaya ya mutu ya sa a ransa cewa sauran biyar ɗin tsaransa ne.

Akwai gwaji na biyu da nake ganin ya fi kowanne bayyana gaskiyar na'ura. Ka kashe dukkan igiyoyin sauti, ka tura RES har sama, ka sauke FREQ zuwa tsakiya. Filta, wato sashen da ke tace sauti, da kanta za ta fara fito, sauti siriri mai tsabta. Ka sake danna madanni shida, ko ka bi su da ɗaiɗai, ka ji ko muryoyin suna fito da ƙarfi ɗaya kuma a jere yadda ya kamata. Idan wata ta kauce kaɗan, saiti ne kawai take bukata. Idan ta ƙi yin fito gaba ɗaya, ta shiga lissafin gyara.

Ba duk abin da kunne ya ƙi ne ciwo ba. CHORUS na Juno yana da wani shuu mai kai da kawowa tsakanin kunnen dama da na hagu, haka aka ƙera shi, kuma wanda ya biya kuɗi a cire masa ya yi asara. Minimoog da MS-20 da Prophet-5 tsayin muryarsu yana bin zafin jikinsu, saboda haka suna kaucewa a mintunan farko, sai sun yi kamar minti 20 a kunne suke zama. Minimoog tana da maɓallin A-440 da ke ba da ma'auni don ka daidaita ta da kunne, Prophet-5 kuma tana da TUNE da ke yin aikin da kanta, kuma fanka ko na'urar sanyaya ɗaki da ke hura mata kai tsaye za ta sa ka yi ta maimaitawa. Ciwo shi ne idan ka daidaita ta a madannan ƙasa amma ta kauce a na sama. Wannan yana bukatar a murɗa ƙananan sukurorin saiti na ciki, kuma kada kowa ya taɓa su ba tare da littafin gyaran na'urar a gabansa ba, wanda ana samun na yawancinsu a intanet. Juno kuwa agogon dijital ne ke riƙe tsayin muryarta, don haka idan ta kauce kada a ce halinta ne, a duba maɓallin TUNE na baya da sandar lanƙwasa sauti, in ba su ba ne a kai ta gyara.

Tsabta da ajiyar sautuka

Maɓallan da ake turawa sama da ƙasa su ne ƙofar ƙura, kuma wadda ta yi hunturu biyu a buɗe za ka ji suna ƙarar yashi. Ka fara da busa da burushi mai laushi, sannan ɗigo kaɗan na maganin da aka yi musamman don irin waɗannan maɓallai, wanda ke wankewa ya kuma bar ɗan maiƙo. Man feshin da ake kwance ƙusa mai tsatsa ba na nan ba ne, yana sa su yi laushi na mako guda sannan ya tara ƙura ya zama taɓo. Fuskar na'urar a goge ta da tsumma mai ɗan danshi kawai, domin tina da fetur suna tafiya da rubutun. Minimoog da takwarorinta na Amurka kuma madannansu kan yi ƙwas-ƙwas su kuma rasa daidaito saboda 'yan robobin da ke ƙarƙashinsu sun bushe, kuma ana sayar da sababbi a jere.

Kafin a sauya batir a ceci sautukan da ke ciki, domin da zarar an cire shi sun tafi. Juno-106 tana ajiye 128, Juno-60 kuma 56, kuma dukansu suna da ramukan SAVE da LOAD a baya waɗanda aka yi don rakodar kaset. Ba sai ka nemi kaset ba, ka haɗa SAVE da kwamfuta ka ɗauki ƙarar da za ta fito, wata ƙara ce mai tsinin gaske ta 'yan daƙiƙoƙi, ka ajiye ta a matsayin WAV, kada ka matse ta zuwa MP3 ko ka tura ta a matsayin saƙon murya. Ka mayar mata da ita ta VERIFY ka ga ta amince kafin ka bari a kusanci batirin, sannan ka tuna da maɓallin kare ƙwaƙwalwa da ke baya, wanda ke hana a rubuta komai idan yana kunne.

Haɗa ta da sauran kaya

An fara nuna MIDI a bainar jama'a a watan Janairun 1983, lokacin da aka haɗa Prophet-600 ta Sequential da Jupiter-6 ta Roland a wani baje kolin kayan kiɗa a Kalifoniya, bayan aikin da Dave Smith da Ikutaro Kakehashi na Roland suka jagoranta. Yawancin na'urorin da suka girmi wannan lokaci da bolt suke magana, kuma ba yare ɗaya suke ji ba. Moog da Roland suna ƙara bolt 1 ga kowane hawa na oktaf, wato tazarar madannai 12, Korg MS-20 da tsofaffin Yamaha kuwa ninka bolt ɗin suke yi, don haka idan ka haɗa su kai tsaye sauti zai fito amma tazarar muryoyin za ta lalace. Alamar fara sauti ma ta bambanta, ta Roland tana ba da wuta, ta Moog da MS-20 tana saukar da layin zuwa ƙasa. Akwai ƙananan akwatuna da ke juya MIDI zuwa waɗannan, ka tabbatar wanda za ka saya ya san duka tsarin biyu. TR-808, injin ganga na Roland, da TB-303 suna da rami mai ƙafa biyar da ya yi kama da na MIDI sak, amma DIN Sync ne, bugun lokaci kawai yake ɗauka, Juno-60 kuma nata DCB ne, wanda shi ma sai da akwatin fassara.

Wajen sauti, ka kunna sintesaiza da farko, lasifika a ƙarshe, idan za ka kashe kuma ka fara da lasifika, saboda bugun da take yi lokacin tashi. Idan ka ji gurnani a layin, ka sa dukkan kayan a soket ɗaya ko ka ratsa da akwatin DI, wato ɗan akwatin da ake sawa tsakanin na'ura da miksa, amma kada ka karya ƙafar ƙasa ta filogi, domin jikin yawancinsu ƙarfe ne.

Sautin farko

Hanyar sauti a cikin kusan dukkansu ɗaya ce, kuma daga hagu zuwa dama aka jera ta a fuskar na'urar. Osileta, wadda aka rubuta VCO ko DCO, tana samar da ɗanyen sauti. Filta, wato VCF, tana rage shi. VCA kuma tana buɗe ƙarfinsa ta rufe. Filta kamar rariyar tankaɗe take, FREQ ne ke faɗin girman idonta, idan ka sauke shi kaushin sama ya tsaya, laushin ƙasa ya wuce, RES kuma yana ƙara kaifi daidai bakin inda aka yanke. Haruffa huɗu na A, D, S da R su ne rayuwar sautin: saurin tashinsa, da saurin saukowarsa, da matsayin da zai tsaya muddin yatsa na kai, da tsawon jelarsa bayan an ɗaga.

Don samun bes, wato sautin ƙasa, mai nauyi a Juno-106, ka zaɓi 16', ka kunna haƙorin zarto, ka tura SUB zuwa sama da rabi, ka sauke FREQ zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu, RES kaɗan, sannan ENV na filta zuwa tsakiya. Ka sa A a ƙasa, D kusan kashi ɗaya cikin uku, S da R kusa da ƙasa. Yanzu ka riƙa buga madanni ɗaya da hannun hagu, hannun dama kuma yana motsa D kaɗai, za ka ji sautin yana tashi daga ɗan gajeren bugu zuwa mai jan numfashi, kuma rabin awa a kan wannan maɓalli ɗaya ya fi karanta littafi amfani. Don shimfiɗa mai taushi da ake sa wa a ƙarƙashin murya, ka koma 8', ka ɗaga A da R zuwa tsakiya, S sama, ka buɗe FREQ kaɗan, ka kunna CHORUS na ɗaya. Idan na'urarka Minimoog ce ko MS-20, ka ɗauki hoton fuskarta da waya duk lokacin da ka sami sautin da kake so, kuma ka ɗauki kiɗan a ranar, domin ko da ka mayar da kowane maɓalli wurinsa gobe ba lallai ya dawo daidai ba.

Wurin zamanta ya kasance nesa da taga da rana, a kan tebur ba a ƙasa ba, da mayafi mai kauri a kanta duk lokacin da ba a aiki, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da damina kuma laima ce abin tsoro, don haka kada a naɗe ta a leda, a sa 'yan ƙunshin nan masu shan danshi a cikin akwatinta. But ɗin mota da tsakar ranar Afrilu yana iya lanƙwasa madannai ya narkar da gam. A cire batiran SH-101 da TB-303 idan za su daɗe a ajiye, kuma a riƙa kunna kowace na'ura awa ɗaya ko biyu a wata ana motsa dukkan maɓallanta. Duk gyaran da aka yi a rubuta shi da kwanan wata a takarda a manna a cikin murfin, sassan da aka cire kuma a zuba su a 'yar jaka a ajiye, domin mai gyara na gaba zai bukaci takardar, mai saye na gaba kuma zai tambayi sassan asali kafin ya yi tayi.